Yadda za a zaɓi riga-kafin kwamfuta na kyauta a gida

Duk kwamfutar da aka haɗa da intanet, ko aka soka wa filashi, tana iya kamuwa da ƙwayar cuta. Tambayar da masu kwamfuta a gida suka fi yi ita ce: shin sai an biya kuɗi kafin a samu kariya, ko kuwa ta kyauta ma ta wadatar?

Amsar a taƙaice ita ce, ga yawancin masu amfani da kwamfuta a gida, kariyar kyauta ta wadatar, muddin an zaɓi wadda ta dace kuma ana sabunta ta a kan kari.

Sai dai ba kowace kyauta ce alheri ba. Wasu manhajojin suna karɓar ladansu ta wata hanya dabam, wasu kuma su ne ma cutar da ake gudu.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. A ranar 12 ga watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta afka wa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, inda ta kulle bayanan da ke cikinsu, ta kuma nemi a biya dala 300 kafin ta sake su.

A Ingila, harin ya sa asibitocin gwamnati suka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000.

Ga mai kwamfuta a gida, asarar tana iya zama hotunan iyali na shekaru, ko kundin digirin da aka kwashe watanni ana rubutawa, ko lissafin kasuwanci, ko kalmar sirrin shiga asusun banki.

Mai gadi da katanga

Abubuwa biyu ne mutane kan haɗa su wuri guda, alhali aikinsu ya bambanta.

Na farko shi ne manhajar riga-kafi, wadda ake kira antibairos. Aikinta kamar na mai gadi ne da ke zagaya cikin gida yana duba duk abin da aka shigo da shi.

Tana gane muguwar manhaja ta hanyoyi uku. Akwai kwatanta fayil da jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, kamar yadda ake gane ɓarawo da hoton yatsunsa. Akwai lura da ɗabi'a, inda za ta dakatar da duk manhajar da ta fara wani aiki mai jawo shakku, misali kulle ɗaruruwan fayiloli cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai kuma aika bayanin fayil ɗin da ba ta sani ba zuwa manyan kwamfutocin kamfanin domin a tantance shi.

Wannan ne dalilin da ya sa riga-kafin da ba a sabunta shi bai da wani amfani sosai. Cibiyar AV-TEST da ke birnin Magdeburg na Jamus ta ce tana samun sabbin miyagun manhajoji sama da 450,000 a kowace rana.

Na biyu shi ne katangar tsaro, wadda ake kira fayawol. Ita ba ta duba abin da ke cikin fayil. Aikinta shi ne tsare ƙofofin da kwamfuta ke magana da duniya ta cikinsu.

Irin waɗannan ƙofofi sun kai 65,535, kuma kowace tana da lamba. Katangar ce ke yanke hukuncin wadda za a bari a buɗe da wadda za a rufe, da kuma wanda za a amsa wa sallama.

WannaCry ta ƙofa mai lamba 445 ta riƙa shiga, ba tare da mai kwamfutar ya latsa komai ba. Wannan ya nuna cewa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Ana bukatar mai gadin, ana kuma bukatar katangar.

Abin da ya riga ya zo da Windows

A farkon shekarun 2000, duk wanda ya sayi kwamfuta mai Windows sai ya nemi riga-kafi daga wani kamfani dabam.

Bayan ɓarnar da tsutsar Blaster ta yi a 2003, da ta Sasser a 2004, kamfanin Microsoft ya fitar da wani babban gyara ga Windows XP a watan Agustan 2004, wanda ya sa katangar tsaro ta riƙa zuwa a kunne.

A 2009 kamfanin ya fitar da riga-kafi na kyauta mai suna Microsoft Security Essentials, sa'an nan daga Windows 8 a 2012 ya saka riga-kafin a cikin Windows ɗin kanta.

Shi ne wanda aka sani yanzu da Microsoft Defender, kuma yana cikin kowace Windows 10 da Windows 11. Ana samun sa a sashen da aka rubuta Windows Security.

A shekarunsa na farko, Defender ya kasance a baya ƙwarai a gwaje-gwajen da cibiyoyi masu zaman kansu ke yi. Amma daga wajen 2018 ya riƙa samun maki da ke kusa da na manhajojin da ake saya, wani lokacin ma daidai da su.

Ma'ana, mai Windows 11 da ke sabunta ta yana da riga-kafi da katanga tun kafin ya sauke komai. Ba ya nuna tallace-tallacen neman a sayi wani babban samfuri, kuma wa'adinsa ba ya ƙarewa.

Rauninsa shi ne yana dogara sosai da intanet wajen gane sabbin cututtuka. Gwaje-gwajen cibiyar AV-Comparatives sun sha nuna cewa ƙarfinsa na ganowa yana raguwa idan kwamfuta ba ta kan layi, fiye da yadda na wasu manhajojin ke raguwa. Wannan abin lura ne ga wanda ba kullum yake da data ba.

Su wane ne ke bayar da na kyauta?

Sanannun sunaye a wannan fage sun haɗa da Avast da AVG, waɗanda asalinsu daga Jamhuriyar Czech ne, da Avira daga Jamus, da Bitdefender daga Romaniya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne uku daga cikin huɗun nan gida ɗaya suke yanzu.

Avast ya sayi AVG a 2016 a kan dala biliyan 1.3. Kamfanin NortonLifeLock na Amurka ya sanar da sayen Avira a ƙarshen 2020, sa'an nan ya haɗe da Avast a 2022, inda sabon kamfanin ya ɗauki sunan Gen Digital.

Saboda haka wanda ya cire AVG ya saka Avast, bai canza wani abu mai yawa ba, domin injin bincike iri ɗaya suke amfani da shi.

Akwai kuma Malwarebytes, wanda samfurinsa na kyauta ya yi suna wajen share kwamfutar da ta riga ta kamu. Amma shi ba ya tsaron kwamfuta a kowane lokaci, sai an umarce shi ya yi bincike. Don haka mataimaki ne, ba mai gadi na dindindin ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Kamfanin da ke biyan ɗaruruwan ƙwararru albashi ba zai raba hajarsa kyauta ba tare da wata riba ba.

Hanya ta farko ita ce talla. Manhajar za ta riƙa fito da saƙonni cewa kwamfutar tana da matsaloli, kuma maganinsu yana cikin samfurin da ake biya.

Ta biyu ita ce cusa wasu manhajoji da mutum bai nema ba a lokacin da yake sakawa, kamar sabon burauza. Shi ya sa yana da kyau a karanta kowane shafi kafin a latsa amincewa.

Ta uku, wadda ta fi jawo ce-ce-ku-ce, ita ce bayanan mai amfani da ita.

A watan Janairun 2020, wani binciken haɗin gwiwa na kafofin Motherboard da PCMag ya gano cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta. Cikin 'yan kwanaki Avast ya sanar da rufe reshen.

A watan Fabrairun 2024, Hukumar Kula da Harkokin Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5, tare da haramta masa sayar da irin waɗannan bayanai domin talla.

Hukumar ta ce tsakanin 2014 da 2020 an sayar da bayanan ga kamfanoni sama da 100.

Darasin a nan shi ne riga-kafi yana ganin kusan duk abin da ke cikin kwamfuta. Zaɓen sa tamkar miƙa wa mutum makullan gida ne, don haka batun amana yana daidai da batun ƙwarewa.

Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ya kamata ya shiga sashen sirri na manhajar ya kashe duk wani zaɓi na raba bayanai domin talla.

Siyasa ma ta shigo ciki

Manhajar Kaspersky ta Rasha ta daɗe tana cikin waɗanda ke kan gaba a gwaje-gwaje. Amma a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta mamaye Ukraine, hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta shawarci jama'a da su sauya ta.

A watan Yunin 2024 Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasar daga ranar 20 ga watan Yuli, tare da dakatar da sabunta ta daga ranar 29 ga watan Satumba na wannan shekara.

Amurka ta ce tana fargabar gwamnatin Rasha za ta iya tilasta wa kamfanin ya miƙa bayanai. Kamfanin ya musanta zargin, yana mai cewa siyasa ce ta jawo matakin.

Haramcin ya shafi Amurka ne, amma ya tuna wa kowa cewa ƙasar da kamfani yake, da dokokin da yake ƙarƙashinsu, suna cikin abin da za a duba.

Yadda ake auna inganci

Kowane kamfani yana cewa nasa ne ya fi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce duba sakamakon cibiyoyin da ke gwada manhajojin da ainihin cututtuka.

Uku ne suka fi shahara: AV-TEST a Jamus, da AV-Comparatives a birnin Innsbruck na Ostiriya, da SE Labs a Birtaniya. Suna wallafa sakamakonsu a shafukansu na intanet, kuma kowa na iya dubawa kyauta.

AV-TEST tana bayar da maki 6 a fannoni uku, jimilla 18. Fannin farko shi ne ƙarfin kariya. Na biyu shi ne nauyin da manhajar ke ɗora wa kwamfuta. Na uku shi ne yawan ƙararrawar ƙarya, wato ɗaukar fayil mai lafiya a matsayin cuta.

Fanni na biyu yana da muhimmanci ga mai tsohuwar kwamfuta ko ta gwanjo mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Riga-kafin da ya sa kwamfuta ta riƙa tafiyar hawainiya, ƙarshensa mai ita ya kashe shi.

Na uku ma ba abin rainawa ba ne. A watan Afrilun 2010, wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, lamarin da ya durƙusar da ɗimbin kwamfutoci a ma'aikatu da asibitoci.

Ya fi kyau a duba sakamakon watanni da dama a jere. Manhajar da ta yi fice sau ɗaya sannan ta faɗi ba ta kai wadda ke riƙe matsayinta ba.

Shin ana bukatar wata katangar?

A shekarun baya manhajoji kamar ZoneAlarm da Comodo sun yi tashe a matsayin katangar tsaro ta kyauta. Dalili shi ne suna tambayar mai kwamfuta duk lokacin da wata manhaja ta nemi fita intanet.

Katangar Windows tana toshe duk wanda ya nemi shigowa ba tare da gayyata ba, amma a yadda take zuwa tana barin manhajojin ciki su fita.

Ga ƙwararre, sa ido kan masu fita yana da amfani. Ga wanda ba ƙwararre ba, yawan tambayoyin kan sa ya gaji ya riƙa latsa amincewa ba tare da karantawa ba, kuma daga nan katangar ta zama ado.

Bugu da ƙari, na'urar rarraba intanet da ke gida, ko ƙaramar ta aljihu, ita ma tana tare baƙin da ke ƙoƙarin shigowa daga waje. Abin da ya kamata a yi mata shi ne a canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani.

Wani abin lura shi ne Windows tana bambanta layin gida da layin jama'a. A otal, ko filin jirgin sama, ko harabar jami'a, a tabbatar an zaɓi layin jama'a, domin shi ne ke ɓoye kwamfutar daga sauran na'urorin da ke kan layin.

Masu kwamfutar Mac ta kamfanin Apple su ma suna da riga-kafi na ciki mai suna XProtect. Amma katangar Mac tana zuwa ne a kashe, sai mai ita ya shiga ya kunna ta.

Hattara da na jabu

Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun 'yan damfara ita ce fito da wani saƙo mai ja a shafin intanet da ke cewa kwamfutarka ta kamu da cututtuka masu yawa, ka latsa nan ka sauke magani.

Babu shafin intanet da zai iya binciken cikin kwamfuta ta wannan hanya. Maganin da ake tallatawa shi ne cutar.

A 2012 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163 a shari'ar da hukumar FTC ta shigar kan wasu da suka sayar da riga-kafin bogi, irin su WinFixer, ga mutane sama da miliyan 1.

Dabarar ba ta mutu ba. Yanzu takan zo da lambar waya da ake cewa ta Microsoft ce, a nemi mutum ya kira domin a gyara masa. Microsoft ya sha bayyana cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya.

Ka'idar ita ce a sauke riga-kafi daga shafin kamfanin da ya yi shi kawai, kuma mutum ya rubuta adireshin da hannunsa maimakon latsa talla.

Filashi da manhajojin sata

A garuruwan Najeriya da Nijar, filashi na cikin hanyoyin kamuwa da suka zama ruwan dare.

Ɗalibi ko ma'aikaci zai kai filashinsa shagon buga takardu, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filashin mutane da dama a rana. Da ya dawo gida sai ya tarar fayilolinsa sun ɓace, an maye gurbinsu da wasu gumaka masu ƙaramar kibiya.

Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Latsa gumakan ne ke sakin cutar cikin kwamfuta. Abin yi shi ne a sa riga-kafi ya binciki filashin kafin a buɗe komai, ko kuma a aika takardar ta imel tun farko.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin da aka fasa makullinsu domin a yi amfani da su ba tare da biya ba. Sau da yawa umarnin farko da ke zuwa da su shi ne a kashe riga-kafi kafin a saka su.

Manhajar garkuwa da bayanai da aka sani da STOP ko Djvu, wadda ta fi addabar masu kwamfuta a gida tun daga 2018, ta irin wannan hanya ta fi yaɗuwa.

Wanda ya sayi kwamfutar gwanjo ya duba ko an kashe Defender ko sabuntawar Windows, domin masu saka Windows ɗin da ba ta asali ba sukan kashe su.

Tsohuwar Windows

Babu riga-kafin da zai iya toshe ramin da ke jikin Windows ɗin kanta.

Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe hanyar WannaCry tun a watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su sabunta ba.

Kamfanin ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, da Windows 7 a watan Janairun 2020, da Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, kodayake ya buɗe wa masu Windows 10 a gida wani shiri na wucin gadi na ci gaba da samun gyaran tsaro.

Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba yana iya komawa Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su.

Matakan da za a bi

Da farko, a buɗe Windows Security a tabbatar riga-kafi da katanga duk suna kunne.

Na biyu, a tsaya a kan riga-kafi ɗaya. Idan biyu suna tsaro a lokaci guda sukan yi karo da juna su kuma nauyaya kwamfutar. Da zarar an saka na wani kamfani, Defender yakan janye da kansa.

Na uku, a cire riga-kafin gwaji da ya zo da sabuwar kwamfuta idan wa'adinsa ya ƙare kuma ba a da niyyar biya.

Na huɗu, a gwada. Akwai wani ɗan ƙaramin fayil mara lahani da ake kira EICAR, wanda aka ƙirƙira domin wannan aiki. Riga-kafi mai aiki zai kama shi nan take.

Na biyar, idan ana shakkar wani fayil, ana iya loda shi a shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda injinan bincike kimanin 70 za su duba shi. Amma kada a loda takardun sirri, domin masu bincike na iya ganin su.

Na shida, a ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani faifai da ake cirewa daga jikin kwamfuta bayan an gama kwafa. Faifan da aka bari a haɗe, tare za a kulle su.

Ga wanda ya riga ya faɗa hannun masu garkuwa da bayanai, akwai shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Turai ta Europol da 'yan sandan Holland da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016. Yana bayar da makullan buɗe wasu nau'o'in kyauta, kodayake ba duka ba.

Hukumomin tsaro ba sa ba da shawarar biyan kuɗin fansa, domin babu tabbacin cewa wanda aka biya zai mayar da bayanan.